Daga Shikago zuwa Sand Creek: Bin Sawun Waƙoƙin Tsoron Allah a Kolorado

Ranar Alhamis, ƙarfe ɗaya da rabi na rana, na gangara cikin tashar jirgin ƙasa ta Union da ke Shikago, jaka a baya, ledar burodi da dabino a hannu. Taron 'yan jarida da ya kawo ni Amurka an rufe shi tun daren Laraba, jirgin da zai mai da ni gida kuma sai Talata. Abokan tafiyata suka ce kasuwa za su shiga neman tsaraba. Ni Denba na nufa, babban birnin jihar Kolorado, kuma waƙa ce ta tashe ni.

A dare na biyu na taron ne wani ɗan jarida mutumin Holan ya ji ina ba da labarin mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya tayar da Fijonsa zuwa Zariya sai ya zura kaset ɗin Don Williams ko na Jim Reeves. Duk wanda ya tashi a Arewa a wancan zamani ya san waɗannan muryoyi masu sanyi da muke ce wa waƙoƙin kaboyi. Sai ɗan jaridar ya miƙo mini wayarsa, ya ce in ji ƙanin wannan kiɗa, wanda ba a cika fito da shi gaban baƙi ba. Na sa a kunne. Tsirkiya na gudu kamar an biyo ta, ganga na sauka kamar ana haƙa fako, sai wata murya ta shigo tana karkarwa tana kiran Ubangiji, irin kiran mutumin da aka kama da abin a hannunsa. Tsigar jikina ta tashi. Ya ce sunan ƙungiyar 16 Horsepower, mawaƙin David Eugene Edwards, garinsu Denba, amma an fi saninsu a Holan da Beljiyam da Jamus. Masu sharhin kiɗa suna kiran salon kantiri na gotik, wato kantiri mai duhu, wanda zancensa bai wuce zunubi, mutuwa, hisabi da neman gafara ba, duk a cikin harshen Littafi Mai Tsarki. A daren na sayi tikiti ta intanet, kujerar zaune, dala 118.

Jirgin sunansa California Zephyr, mai hawa biyu, ruwan azurfa. Ƙarfe biyu daidai ya motsa. Daga Shikago zuwa Denba kilomita 1,670 ne, kusan Kano zuwa Legas sau ɗaya da rabi, tafiyar da ta haura awa 18. Ba mu yi awa guda ba gidaje suka ƙare, gonakin masara suka karɓa. Watan Oktoba ne, kaka ta yi. Can nesa za ka hango injin girbi guda, mutum ɗaya a ciki, yana lashe gonar da a wajenmu sai an kira gayya. Abin da ya fara damuna shi ne rashin mutane. Ba yaro mai ɗaga wa jirgi hannu, ba mai tallar gyaɗa, ba akuya a gefen dogo. Kowane ɗan gari da muka ratsa abu uku ne ke tsaye a samansa: rumbun hatsi na ƙarfe, tankin ruwa mai ɗauke da sunan garin, da farar majami'ar katako mai tsini.

A kujerun da ke daura da ni wasu iyali ne 'yan Amish, Kiristocin nan da ba sa tuƙa mota, shi ya sa jirgin ƙasa ya zama abin hawansu idan tafiya ta yi nisa. Mazan sun tara gemu ba gashin baki, matan sun rufe kai da 'yan fararen huluna, suna hira a wani karin Jamusanci. Da lokaci ya yi na haɗa azahar da la'asar a zaune, sai na ga dattijonsu ya ɗora yatsa a baki yana yi wa jikokinsa alama. Har na sallame ba wanda ya yi tari.

Wajen biyar da rabi muka hau gadar kogin Misisipi muka shiga Burlington ta jihar Ayowa. Na tafi taragon kallo mai gilashi har rufi, na sayi kofi dala 3, na kunna cikakken faifan ƙungiyar na farko, Sackcloth 'n' Ashes, na shekarar 1996. Ma'anar sunan tsumma da toka, shigar da mutanen Tsohon Alkawari ke yi idan za su tuba ko za su yi makoki. Shi kansa sunan ƙungiyar daga wata tsohuwar waƙar gargajiya aka ɗauko shi, inda dawakai goma sha shida ke jan akwatin gawar masoyiya zuwa maƙabarta. Rana na faɗuwa a kan kututturen masara, ina sauraro, ba tare da na kama rabin kalmomin ba.

Omaha muka isa sha ɗaya na dare, daga nan sai duhun Nebraska. Barci ya ƙi. Wuyana ya sage, sanyi ya bi ta ƙafa, jirgin kuma ba ya wuce mahaɗar hanya sai ya yi wata doguwar kuwwa mai kama da kukan dabba. Na yi ta tunanin abin da na karanta game da Edwards. An haife shi a 1968 a Englewood, kudu da Denba. Kakansa fasto ne a ikilisiyar Nazarene, ɗarika mai tsananin riƙo da tsarkin rayuwa, wadda a da take hana mabiyanta giya da rawa da zuwa silima. Yana yaro ya riƙa bin kakan nan gari gari a Kolorado, yana jin wa'azi, yana tsayawa a wajen jana'iza. Yaron da ya san bakin kabari kafin ya san filin ƙwallo, idan ya girma ya riƙi molo, ba abin mamaki ba ne a ji abin da na ji.

Cikin dare agogon wayata ya ja baya da awa guda, alamar mun shiga lokacin yankin duwatsu. Kafin asuba muka tsaya Fort Morgan, garin da ke da babbar mahauta inda Somaliyawa da yawa ke aiki. Gari na wayewa na ga fili ya miƙe ba tudu ba gangare, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa. Na hango wani farin abu a yamma na ɗauka gajimare ne, ashe ƙanƙara ce a kan duwatsun Roki. Bakwai da rabi ta gota jirgin ya shiga tashar Denba da baya.

Mai masaukina kawun wani abokin aikina ne, dattijo mutumin Wusasa, ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, yana zaune da mai ɗakinsa a Aurora, gabas da birnin. Da hularsa zanna na gane shi a cikin taro. Na russuna na gaishe shi.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ka sha hanya. Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ku, Baba."

A gida Mama ta riga ta dama kunun gyaɗa ta soya ƙosai. Ina hawa bene zuwa ɗakin da aka ba ni sai na ji ina haki, kaina na sarawa. Baba ya ce tsayi ne, Denba tana mita 1,609 sama da teku, ta ɗara Jos da kusan mita ɗari huɗu, in yi ta shan ruwa. Iskar busasshiya ce irin ta tsakiyar hunturu, kafin azahar leɓena ya tsage. Na yi barcin awa uku. Da na tashi na tarar Baba riƙe da mukullin mota, ya ce kada in rasa Juma'a. Ya kai ni masallacin da ke titin Parker, inda na yi sahu da Somaliyawa da Sudaniyawa da Habashawa da Larabawa, shi kuma ya zauna a mota yana karanta jarida har aka idar.

Da la'asar na shiga bas mai lamba 15, dala 2.75, wadda ke bin titin Colfax, titin da tsawonsa ya haura kilomita 40. Komai na birnin a kansa yake. Ga majalisar jiha mai ƙubbar zinariya, ga tsofaffin masaukai masu fitilu ja da kore, ga marasa gida na tura kayansu a kekunan kanti, ga shagunan sayar da wiwi a fili, don dokar jihar ta halatta. A tsakanin shagon aski da na gyaran waya sai ka ga ɗan coci da allonsa. Na sauka na shiga wani shagon fayafayai, na faɗa wa matar da ke kan kanta abin da nake nema. Farar mace ce mai furfura, hannayenta cike da zane. Da ta ji daga Nijeriya nake ta bar kanta ta zagayo.

Ita ta warware mini zuriyar. Akwai wata ƙungiya da ake kira Denver Gentlemen, wadda Edwards da wani dogon mutum mai suna Slim Cessna duk suka ratsa ta cikinta suna samari. A 1992 Edwards ya haɗu da wasu Faransawa biyu, Jean-Yves Tola da Pascal Humbert, a Los Anjelis, suka kafa 16 Horsepower, daga baya ƙungiyar ta dawo Denba. A shekarar kuma Slim, wanda shi ma ɗan faston Baftis ne, ya kafa tasa, Slim Cessna's Auto Club, inda yake waƙa kafaɗa da kafaɗa da Jay Munly, wasansu kamar taron farkawa a tanti. 16 Horsepower ta watse a 2005, 'ya'yanta suka ce bambancin ra'ayi ne na siyasa da na ruhaniya. Edwards ya ci gaba da Wovenhand, wadda ya riga ya fara tun 2001.

Sai ta ce kada in ɗauka a Denba abin ya tsiro. Ta zaro wani tsohon faifan garmaho na 1959, na 'yan'uwa biyu Louvin, mai suna Satan Is Real, wato Shaiɗan gaskiya ne. A bangon ga su nan cikin fararen kwat, bayansu ƙaton gunkin Shaiɗan da suka yanka da katako, wuta na ci a tsofaffin tayoyi. Ta kawo Hank Williams, wanda ya rera waƙoƙin tuba masu ratsa zuciya alhali giya na cinsa, ya mutu a bayan mota ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29. Ta kawo Johnny Cash, wanda shekara guda kafin rasuwarsa a 2003 ya fitar da waƙar tashin ƙiyama da ya gina a kan littafin Wahayi. Na tambaye ta ko gidajen rediyon coci na sa waƙoƙin Edwards. Ta girgiza kai. Ta ce masu zuwa coci sun ga abin ya yi duhu, masu zuwa mashaya kuma sun ga Yesu ya yi yawa a ciki, amma na biyun sun fi haƙurin zama su saurara. Na sayi fayafayan Edwards uku na hannu, Secret South da Folklore da Consider the Birds, dala 27. Ta rubuta mini a bayan rasit inda wasu matasa masu wannan salo za su yi wasa a daren.

Wurin yana titin Broadway ta kudu, kuma mashaya ce. Na daɗe a bakin ƙofa ina shawara da zuciyata. Ban taɓa sa ƙafa a irin wannan wuri a gida ba. Daga ƙarshe na nuna fasfo, na biya dala 20, na karɓi ruwan kwalba na raɓe a jikin bango. Mutane ba su kai ɗari da hamsin ba, galibi cikin baƙaƙen kaya. Ƙarfe goma makaɗa biyar suka hau.

Idona a kan kayan kiɗan ya fara sauka. Banjo na gani kusa da kusa a karo na farko: fata a ɗaure kan da'ira, dogon wuya, gajeriyar tsirkiya guda da babban yatsa ke bugawa. Ɗan'uwan gurmi ne. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka ƙera shi da ƙwarya da fata a tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka, kuma har yau mutanen Jola na Gambiya da Senegal suna kaɗa akontin da irin wannan bugu. Wata mace na jan goge, wani na gurza ƙaton molo mai tsayin mutum da baka, sautin na shiga ta tafin ƙafa. A cinyar mawaƙin akwai wani akwati mai zugazugi da maɓallai, irin wanda Edwards ya yi suna da shi. Asalin akwatin birnin Chemnitz na Jamus, baƙin haure suka zo da shi don raye-rayen biki. A hannun waɗannan yara numfashi yake yi kamar tsoho a kan gadon ajali.

Mawaƙin siriri ne, bai wuce talatin ba, ya runtse ido tun daga farko. Waƙa ta farko a kan Kayinu da Habila ce, waɗanda mu muke ce wa Ƙabila da Habila, kuma da bakin mai kisan ya rera ta. Wata a kan manomin da fari ya cinye gonarsa ya binne ɗansa, yana jayayya da Allah, bai kuwa daina kiransa Ubangiji ba. Na ga ƙatti riƙe da kofunan giya sun manta da su. Ba rawa, ba shewa, tafi ma sai an ɗan jima da gama waƙa.

Raina ya kasu biyu. Sunan Allah a tsakiyar kwalabe bai kwanta mini ba, har yanzu ma bai kwanta ba. Amma na san wannan sauti. Na tuna makafin da ke bin ƙofar gidanmu da hantsi suna rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, da yadda kakata ke ajiye tsintsiya ta tsaya har su gama. Waƙoƙin wa'azinmu ma ba sa lallashi: kabari, Munkar da Nakir, mizani, siraɗi. Inda na ga bambanci, namu mai waƙar yakan fuskanci jama'a ya ce ku farka, waɗannan kuwa kansu suke gurfanarwa.

Da aka tashi na same shi a waje yana naɗe waya. Kafinta ne, rufin gidaje yake yi da rana. Na tambaye shi kai tsaye ko ya yi imani da abin da yake rerawa. Ya ce ya yi, mahaifinsa ma fasto ne a wani ƙauye can gabas. Na ce to me ya hana shi rera su a coci? Ya yi shiru, sannan ya ce a coci ana so ka zo da labarin yadda aka cece ka ka huta, shi kuwa kullum da safe sai ya tarar da mutumin jiya a cikin rigarsa. Ya ce in ina son in gane waƙoƙin in bar birni in nufi gabas, in ga ƙasar. Motar haya ta mai da ni Aurora ƙarfe ɗaya na dare, dala 24.

Da na faɗa wa Baba da safe, ya ce ya san inda zai kai ni. Ƙarfe bakwai muka tashi, Mama a gaba da kular dambun nama da filas ɗin shayi, muka sha man dala 40. Babbar hanya mai lamba 70 ta kai mu Limon, kimanin kilomita 145 daga Denba, muka karya kudu maso gabas ta Hugo da Kit Carson. Duwatsu suka ɓace a madubi. Na san fili, na bi hanyar Maiduguri, na je Damagaram, amma a can ko yaya za ka ga aduwa ko bagaruwa, ka ga Bafulatani da sandarsa. Nan sai ka yi minti ashirin ba itace ba mutum, sai shingen waya da baƙaƙen shanu da iska mai ture mota. Lokaci lokaci mu wuce gidan gona da rufinsa ya rufta. Baba ya ce a shekarun 1930 fari da guguwar ƙura sun kori dubban manoma daga wannan yanki, ƙasa ta tashi sama har rana ta koma dare.

Na sa Folklore, faifan 2002, wanda a ciki 16 Horsepower ta sake rera wata waƙar kaɗaici ta Hank Williams. Bayan waƙa uku Mama ta ce, "Ɗana, wannan mutumin Kirista ne kuwa?"

Na ce haka yake faɗa, Mama, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

"To ina bisharar? Mu a zumuntar mata in muka ɗauki tulu da caki, ko wadda ta zo da kuka sai ta koma da dariya. Shi ya tsaya a bakin kabari, bai ga an mirgine dutsen ba."

Baba ya rage sautin. Ya ce, "Ke ma kin san ba duk Littafin ne haleluya ba. Ina kika bar Ayuba? Ina kika bar Makoki? Zabura ta 88 da duhu ta fara, da duhu ta ƙare, ba a kuwa cire ta ba." Mama ta ce Dauda ya yi kuka amma ya yi rawa. Baba ya ce mai rawa ba ya rasa abokai, mai kukan ne ke bukatar a ba shi waƙa. Suka yi ta yi har Eads, cikin raha irin ta mutanen da suka shekara arba'in tare, ni ina baya ina rubutu a gwiwa.

Eads ɗan gari ne, kilomita 130 daga Limon. Muka yi gabas a hanya mai lamba 96 har wani kufai mai 'yan gine-gine da ake kira Chivington, sannan muka sauka kan burji muka yi arewa, ƙura na bin mu. Sha ɗaya saura muka isa Sand Creek. Shiga kyauta ne. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta buɗe wurin ga masu ziyara.

Aka nuna mana hanyar ƙafa zuwa wani ɗan tudu. Daga sama ana hango busasshen rafi mai yashi da jerin itatuwa da ganyensu ya yi rawaya. Ba a yarda baƙo ya sauka cikin rafin ba. A nan ne mutanen ƙabilun Cheyenne da Arapaho, su kusan 750, suka kafa tantuna bisa fahimtar cewa suna cikin amanar gwamnati. Da asubahin 29 ga Nuwamban 1864 sojoji kimanin 675 suka auka musu. Wani sarkin Cheyenne, Black Kettle, ya ɗaga tutar Amurka da farin ƙyalle, bai hana ba. Aka kashe mutum wajen 230, akasari mata da yara da tsofaffi, aka yi wa gawawwaki abin da ba zan rubuta ba. Wanda ya jagoranci harin, Kanar John Chivington, babban faston Methodist ne kafin ya sa kaki. Sunansa ne a kan kufan da muka wuce. Ba a taɓa gurfanar da shi ba, ya mutu a Denba a 1894. Sai a 1996 ikilisiyarsa ta fito ta nemi gafara.

Wani kyaftin, Silas Soule, ya hana mutanensa harbi a ranar. Ya rubuta wasiƙu ya tona abin da ya gani, ya ba da shaida a gaban masu bincike. A watan Afrilun 1865 aka harbe shi a kan titi a Denba, yana da shekara 26.

Iska kaɗai ake ji a tudun. Baba ya cire hula. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, a rikicin 1987, wanda ya taso daga Kafanchan ya iso Zariya, maƙwabcinsu ne, wani mai sayar da goro, ya shigar da mahaifiyar Baba da ƙannensa ɗakin matarsa, ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna da carbi har gari ya lafa. Bai ƙara komai ba. Mama ta sunkuyar da kai tana addu'a, ni ma na yi tawa.

A nan na daina ganin duhun waƙoƙin a matsayin ado. Ban ce don Sand Creek aka yi su ba, ko da yake Edwards ya daɗe yana shigar da kiɗa da siffofin 'yan asalin ƙasar cikin aikin Wovenhand. Amma jikan fasto da ya tashi a jihar da wani fasto ya yi wannan aiki yana ganin kansa a kan daidai, ina ganin yana da hujjar ƙin amincewa da tsarkin kowa, har nasa. Mu da muka ga abin da aka yi da sunan addini a Kaduna da Jos, ta kowane ɓangare, ba ma bukatar dogon bayani.

Muka ci dambu a mota, ba mai magana. Tafiyar komawa awa uku da rabi ce, rana a idon Baba har Aurora.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga sujada na roƙi a kai ni maƙabartar Riverside, wadda aka buɗe a 1876. A arewacin birni take, tsakanin layin dogo da masana'antu, an daɗe da daina ba ta ruwa, yawancin itatuwanta sun mutu. Kabarin Soule na cikin sahun sojoji, farin dutse ƙarami irin na kowa, sai dai mutane sun jera masa 'yan duwatsu da tsabar kuɗi. Kowace shekara jikokin Cheyenne da Arapaho kan yi gudun tunawa daga Sand Creek zuwa Denba, su yada zango a nan su gaishe shi. Muna tsaye wani dogon jirgin kaya ya zo wucewa, muka jira har ya ƙare kafin mu iya jin juna.

Litinin da sassafe ina haɗa kaya don in kama jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgin sama, dala 10, minti 37 daga tashar Union, sai Mama ta ƙwanƙwasa. Ta kawo mini yaji a kwalba da saƙon 'yan'uwa. Ta tsaya tana duban fayafayan a kan gado. Ashe da daddare ta sa Secret South a kicin, ta tarar da tsohuwar waƙar nan ta baƙo matafiyi mai fatan haye Urdun ya iske iyayensa. Rabonta da Wusasa shekara tara, mahaifiyarta ma ba ta samu zuwa jana'izarta ba.

"Ɗana, wancan mai waƙar baƙon, ka bar mini shi."

Na miƙa mata da hannu biyu. Baba ya yi hon a waje, na ɗauki jaka na sauka.